Wa ke yin tayi a madadinmu? Tarihin wakilan cinikin gwamnati da rigimar kasuwanci mara shinge

Ranar 7 ga Yulin 2019, a birnin Yamai, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan yarjejeniyar kasuwanci mara shinge ta nahiyar Afirka, wadda ake kira AfCFTA. Ba a cika mako bakwai ba, ranar 20 ga Agusta, gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Duk ɗan kasuwar Legas da ke da kaya a hanyar Seme ko Idiroko a lokacin ba zai manta ba. Tireloli sun yi jerin gwano ta kowane ɓangare, direbobi da yaran mota suna girki a ƙarƙashin mota, kayan gwari suna ruɓewa a kwanduna. Wanda ya biya kuɗin fito bisa ƙa'ida da wanda ake zargi da fasa-ƙwauri duk hukunci ɗaya ya hau kansu. Sai ranar 16 ga Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun.

Gwamnati ɗaya ce ta yi abubuwan nan biyu, kuma kowanne ta kawo hujjarsa. Wanda ke son gane yadda hakan ta yiwu sai ya san wasu mutane da ba kasafai ake jin sunansu ba, wato wakilan da gwamnatoci ke turawa su yi ciniki a madadin ƙasa. Abin da suka amince da shi a ɗakin taro a Janeba ko Akra shi ne yake fitowa daga baya a farashin buhun shinkafa a Daleko, da turmin atamfa a Balogun, da kuɗin da ake caji kafin kwantena ta bar Apapa.

Aikin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Zamanin da fatake ke bin hanyar Gwanja sayo goro, ayari kan yi watanni kafin ya isa Salaga, yana ratsa ƙasashen sarakuna da yawa, kowanne da gaisuwar da yake jira, ga kuɗin fito a bakin Kwara. Madugu ne ke shiga gaban sarki ya daidaita abin da ayari zai biya, sannan ya dawo zango a raba wa fatake gwargwadon kayan kowa. Abin lura shi ne madugu tare yake tafiya da masu biyan kuɗin. Idan ya yi sakaci a ciniki, a daren nan zai ga fuskokinsu, kuma baɗi ba mai bin ayarinsa. Wakilin ciniki na zamani yana iya sa hannu kan abin da zai rufe masaƙa ko ya karya farashin masara, bai taɓa haɗa ido da ko mutum ɗaya cikin waɗanda abin zai shafa ba. A ganina a nan matsalar take, fiye da gardamar da malaman tattalin arziki ke yi.

Abin da ake ciniki a kai shi ne kundin kwastan, mai layuka dubbai, kowane irin kaya da lambarsa da harajinsa. Sai wannan ya ce zan rage maka a kan taki da injuna, kai kuma ka rage mini a kan fata da riɗi. Banda haraji akwai ƙayyade adadin kayan da za a shigo da su, da tallafin da gwamnati ke ba manomanta, da sharuɗɗan lafiya da inganci, da ƙa'idar da ke tantance ƙasar da aka yi kaya. Tsofaffin ma'aikatan wannan fanni sun sha faɗin cewa ciniki biyu suke yi, ɗaya da baƙi ɗaya da 'yan gida, kuma na gidan ya fi wuya. Mai masana'anta yana so a rufe, mai shigo da kaya yana so a buɗe, ma'aikatar kuɗi tana kallon kuɗin shigar kwastan, matar gida kuma farashi kawai ta sani.

Hujjar masu son a buɗe kasuwa tana da ƙarfi, kada a raina ta. David Ricardo ya tsara ta a 1817: kowace ƙasa ta mai da hankali kan abin da ya fi zo mata da sauƙi, ta sayi sauran daga waje, a ƙarshe kowa ya samu fiye da abin da zai samu da ya ce komai shi zai yi wa kansa. Kasuwar Mile 12 shaida ce. Legas ba ta noma albasa, Sakkwato da Kebbi ba su da tashar jirgin ruwa. Da gwamnatin Legas za ta ɗora haraji mai nauyi a kan tumatirin Kadawa don ta kare masu lambu a Epe, da miya ta gagari talakan Mushin, manomin Kano kuma ya zubar da amfaninsa. Amma lissafin Ricardo cewa ya yi ribar da aka samu ta fi asarar da aka yi idan aka haɗa jimla. Bai ce wanda ya ci ribar zai waiwayi wanda ya yi asarar ba. Sau da yawa abin kan zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗaya ɓangaren kuma tsohuwar hujja gare su. Alexander Hamilton, sakataren kuɗin Amurka na farko, ya gabatar wa majalisa a 1791 cewa masana'antar da ke rarrafe ba za ta iya kokawa da ta Ingila da ta riga ta girma ba sai an kare ta na wani lokaci. Bajamushe Friedrich List ya faɗaɗa wannan ra'ayi a 1841. Tarihi kuma ya nuna cewa masu wa'azin buɗe kasuwa sai da suka ƙoshi da kariya tukuna. Ingila ta hana shigo da yadin audugar Indiya mai zane da dokokin 1700 da 1721, a inuwar wannan hani masaƙunta suka tashi. Sai da masana'antun Manchesta suka fi na kowa ƙarfi, suna neman abinci mai arha ga leburorinsu da kasuwa ga yadinsu, sannan Richard Cobden da ƙungiyarsa suka matsa har Firayim Minista Robert Peel ya soke dokokin harajin hatsi a 1846. Cobden ɗin nan ne ya zauna da Michel Chevalier na Faransa suka ƙulla yarjejeniyar 1860, wadda ta yaɗa wata ƙa'ida da har yau ita ce ginshiƙin cinikin duniya: rangwamen da ka yi wa wata ƙasa, dole ka yi wa duk wadda kuka ƙulla irin wannan alƙawari da ita.

Mu a wannan gaɓar teku, da bakin bindiga muka fara jin kalmar ciniki ba shinge. A Disambar 1851 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta, aka kori Sarkin Legas Kosoko aka mai da Akitoye kan karaga. Yarjejeniyar da Akitoye ya sa wa hannu ranar 1 ga Janairun 1852 ta hana cinikin bayi, wanda alheri ne babu ja, amma a cikinta akwai sharaɗin cewa 'yan kasuwar Ingila za su yi ciniki a Legas ba tare da an tare su ba. Shekara tara bayan nan, a 1861, aka karɓe garin gaba ɗaya daga hannun Sarki Dosunmu. Jaja, sarkin Opobo, ya gane inda aka dosa. Da ƙaramin jakada Edward Hewett ya kawo masa takardar kariya a 1884, sai ya dage a cire sashen da ya ba Turawa damar wuce shi su shiga kasuwannin manja na cikin ƙasa. A 1887 jami'in Birtaniya Harry Johnston ya gayyace shi cikin jirgi, aka kama shi da laifin tare hanyar ciniki, aka yi masa shari'a a Akra, aka kai shi tsibiran Karibiyan. Shekara guda kafin haka, a 1886, Landan ta ba kamfanin George Goldie, Royal Niger Company, izinin mulkin kogin Kwara, shi kuma ya ɗora kuɗin lasisi da harajin da suka kori kowa daga kogin, har mutanen Brass suka kai wa cibiyar kamfanin da ke Akassa hari a 1895 saboda an toshe musu hanyar abinci. Sarkin da ya kare kasuwarsa an kira shi mai laifi, kamfanin da ya yi babakere an ba shi tuta. Duk wanda ke mamakin yadda 'yan Afirka ke ɗari-ɗari da wannan kalma, daga nan abin ya samo asali.

Ofishin wakilin ciniki kamar yadda aka san shi yau, a Amurka ya fi bayyana, kuma labarinsa yana da darasi a gare mu. Tsarin mulkinsu majalisa ya ba ikon sa haraji. Shekara da shekaru kowane ɗan majalisa yana cusa kariyar kayan mazaɓarsa, har aka kai ga dokar Smoot-Hawley ta 1930 da ta ɗaga haraji kan kaya fiye da 20,000, duk da masana tattalin arziki sama da dubu sun roƙi Shugaba Hoover kada ya sa hannu. Wasu ƙasashe suka rama, cinikin duniya da dama yake cikin mawuyacin hali ya ƙara durƙushewa. A 1934, da ƙoƙarin sakataren harkokin waje Cordell Hull, majalisa ta ba shugaban ƙasa aron ikon rage haraji har zuwa rabi, muddin ɗaya ƙasar ma ta rage. Daga wannan tsari aka haifi yarjejeniyar haraji da ciniki ta duniya, GATT, wadda ƙasashe 23 suka sa wa hannu a Janeba a 1947.

Sai dai 'yan majalisa sun riƙa zargin jami'an diflomasiyya da cewa suna kyauta da kasuwar Amurka don neman abokai a yaƙin cacar baka. Shi ya sa a dokar 1962 suka tilasta a kafa wakili na musamman a ofishin shugaban ƙasa, wanda ba ya ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Christian Herter ne na farko. Dokar 1974 ta ƙara masa ƙarfi, ta kuma kafa kwamitocin ba da shawara inda ɗaruruwan wakilan manoma da kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ke ganin abin da ake tattaunawa kafin a sa hannu. Ba na cewa tsarin nasu adali ne, manyan kamfanoni sun fi kowa murya a ciki. Amma wakilin Amurka idan ya zauna ya san adadin manoman waken suya da ke bayansa, ya san kuma majalisa na iya watsa masa ƙasa a ido. Ofishin nan ne ya jagoranci NAFTA, yarjejeniyar kasuwanci mara shinge tsakanin Amurka da Kanada da Mekziko, da ta fara aiki a 1994, shugabarsa Charlene Barshefsky ta yi cinikin shigar Sin hukumar ciniki ta duniya, WTO, da ya tabbata a 2001. Ofishin nan ne kuma, ƙarƙashin Robert Lighthizer daga 2017, ya juya ya ɗora wa Sin haraji, bayan garuruwan masana'antu da suka rasa ayyuka sun nuna fushinsu a akwatin zaɓe. A Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta sanar da haraji kan kusan duk duniya, ta yanka wa Najeriya kashi 14. Ƙasar da ta fi kowa wa'azin buɗe ƙofa, da abin ya taɓa masu zaɓenta sai ta tura ƙyaure.

Zagayen tattaunawar GATT da ake kira na Uruguay, daga 1986 zuwa 1994, shi ne ya haifi WTO ranar 1 ga Janairun 1995. Nan aka ga bambancin ƙarfi ƙarara. Manyan ƙasashe na zuwa da tawagar lauyoyi da masana, ƙasashen Afirka da dama ko ofishin jakadanci ba su da shi a Janeba, wasu mutum biyu ko uku ne ke bin taruka da yawa da ake yi lokaci guda. Aka ce kuma ƙunshin yarjejeniyoyin ɗaya ne, ko ka ɗauka duka ko ka bari duka, har da dokokin mallakar fasaha da suka tsadar da magunguna. Duk da haka, inda wakilan Afirka suka haɗa kai sun ciri tuta. A taron WTO na Doha a 2001 sun samu sanarwar da ta tabbatar wa ƙasashe 'yancin fifita lafiyar jama'a a kan haƙƙin kamfanonin magani, lokacin da cutar ƙanjamau ke kisa. A 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka tsaya kai da fata kan tallafin biliyoyin daloli da Amurka ke ba manoman audugarta, wanda ke karya farashi a duniya, taron WTO na Cancun ya watse ba a cimma komai ba. Ƙasashe huɗu matalauta sun hana a wuce da maganarsu a rufe. Tun 1 ga Maris 2021 Ngozi Okonjo-Iweala ce ke shugabantar hukumar, amma ta gaji gida ne da kotun ɗaukaka ƙararsa ta daina aiki tun Disambar 2019, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai.

Najeriya ba ta rasa gwanaye a wannan fage ba. Pius Okigbo ne ya yi cinikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a nan Legas a Yulin 1966 tsakanin Najeriya da kasuwar tarayyar Turai, ko da yake yaƙin basasa ya binne ta ba ta fara aiki ba. A farkon shekarun 1970, lokacin Gowon, kwamishinan ciniki Wenike Briggs ya yi magana da yawun ƙasashen Afirka a gaban Turai, kuma haɗin kan da aka yi ya kai ga yarjejeniyar Lome ta 1975, inda ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Fasifik suka samu shigar da kayansu Turai ba tare da an tilasta musu buɗe nasu kasuwannin ba. A shekarar nan ce kuma, ranar 28 ga Mayu, aka kafa ECOWAS a Legas. Da aka zo tsara harajin bai-ɗaya na ƙungiyar, wanda ya fara aiki a 2015, wakilan Najeriya ne suka dage aka ƙara mataki na biyar na kashi 35 a kan matakan 0 da 5 da 10 da 20, don kare kayan da ake yi a gida. Najeriya ce kuma ta ƙi sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwar tattalin arziki, EPA, da aka kammala da Tarayyar Turai a 2014, wadda ta nemi Yammacin Afirka ya buɗe kashi 75 na layukan harajinsa cikin shekara 20.

Yanzu bari mu zo ga maganar da ta fi ci mana rai, wato masaƙu. Duk wanda ya tashi a Kakuri ta Kaduna ko Bompai da Sharaɗa a Kano, ko ya yi aiki a masaƙun Ikeja da Isolo da Ikorodu, ya san abin da aka rasa. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, kamfanin UNTL ya rufe masaƙarsa ta Kaduna a 2007. Maganar da aka saba ji ita ce shigar Najeriya WTO ce ta kashe su. Akwai ƙamshin gaskiya, domin an ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, kuma da tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya ya ƙare a farkon 2005 kayan Sin sun malale ko'ina. Amma takardun da Najeriya ta sa wa hannu sun bar mata fili mai faɗi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai na layukan harajinta ta ɗaure da alƙawarin ba za ta ɗaga su su wuce wani mataki ba, kayan gona kuma ta ɗaure su a kashi 150, wanda ya fi abin da take karɓa nesa ba kusa ba. Wato wakilan sun bar ƙofar kariya a buɗe. Abin da ya faru a gida ne ya fi yin ɓarna. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP ba tare da an kafa abin da zai maye gurbinta wajen iri da tantance inganci ba. Wutar lantarki ta gagara, baƙin man da tukwanen masaƙa ke sha ya yi tsada ya yi wuyar samu. Da gwamnatin Obasanjo ta maido da haramcin, sai yadin ya canza hanya, ya sauka a Kwatano ko Lome, ya bi ta Maraɗi ya shigo Kantin Kwari, ko ya bi ta Seme ya shigo Balogun. Ka ɗauki turmi ka duba gefensa, za ka ga zanen masaƙar gida da tambarinta, har da rubutun cewa a Najeriya aka yi, alhali daga Sin ya fito. Haramci ya kasance a takarda, kaya suna kasuwa, gwamnati ta rasa haraji, masaƙa ta rasa ciniki.

Haka labarin shinkafa. A 2013 aka kai harajinta kashi 110. Jamhuriyar Benin, wadda mutanenta ba su cika cin turararriyar shinkafa irin tamu ba, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayenta daga Tailan da Indiya. Kowa ya san bakin da za ta shiga. A 2015 Babban Banki ya hana ba da dala ga masu shigo da nau'o'in kaya 41, har da shinkafa da yadi. Rufe iyakar 2019 ya sa an kafa injinan casa da yawa a Kano da Kebbi da Jigawa, manoma sun ga kuɗi, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, kuma a kasuwannin Legas an ga yadda ake juye 'yar waje a buhun 'yar gida da dare. A Oktoban 2023 aka janye hanin dalar. A Yulin 2024 aka sanar da dakatar da haraji kan masara da alkama da shinkafar da ba a gama casa ba da wake na kwana 150. Farashi ya sauka, mai saye ya numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada ya kwana ciki. Mutumin da ya ci bashin banki ya kafa injin casa bisa dokar rufe iyaka ta 2019, wace doka zai riƙe yanzu?

Wannan sauye-sauyen ne nake ganin ya fi cutar da mu fiye da buɗewa ko rufewa. Koriya ta Kudu ta kare masana'antunta a shekarun 1960 da 1970, amma da sharaɗi: gwamnati na ba kamfani rance da kariya, tana kuma yanka masa adadin kayan da zai sayar a waje, wanda ya kasa a janye masa. Kariyar tana da ma'auni. Tamu kan zo da sanarwa ta tafi da sanarwa, ba wa'adi, ba abin da ake nema daga wanda aka kare, kuma takardar rangwame na iya fitowa ga wani shi kaɗai. A irin wannan yanayi wanda ya fi kusa da ofis shi ke cin riba, mai kaya a hanya shi ke biya.

An kafa ofishin tattaunawar ciniki na Najeriya, NOTN, a 2017, aka ɗora Ambasada Chiedu Osakwe a kai, mutumin da ya daɗe yana aiki a WTO. Shi ne ya shugabanci zauren da ya tsara AfCFTA ga nahiyar baki ɗaya. Majalisar zartarwa ta amince a sa hannu, sai ga shi ana saura kwanaki taron Kigali na 21 ga Maris 2018 shugaban ƙasa ya fasa tafiya. Ƙasashe 44 suka sa hannu ba Najeriya. Dalili shi ne ƙungiyar masu masana'antu, MAN, da ƙungiyar ƙwadago, NLC, sun ce ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba, kuma ba za su yarda da cinikin biri a sama ba. Mutane da yawa sun kira abin kunya. Ni ina ganin ƙorafin yana kan hanya, lokacin yinsa ne ya zo a makare, domin irin wannan shawara kafin a tafi ake yinta. An zaga shiyyoyin ƙasa, an kafa kwamitin nazari, sannan aka sa hannu a Yamai. Osakwe ya rasu a Satumbar 2019, lokacin iyakokin suna rufe.

MAN tana da ofis a Ikeja, da masana da lauyoyi, shi ya sa ta iya tsayar da jirgin shugaban ƙasa. Majalisar 'yan kasuwa ta Legas tun 1888 take. To mu fa? Shanun da ake yankawa a Oko-Oba, ragunan Alaba Rago, albasa da tattasai na Mile 12, goron Agege, canjin kuɗi, tirelolin da ke kwana a Apapa, duk hannun Bahaushe na ciki dumu-dumu. Muna da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin dillalai, kuma suna da ƙarfi, an gani a Fabrairun 2021 da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, kwandon tumatir ya gagari saye. Amma wannan ƙarfi sai wuta ta kama ake fito da shi. Ban ga muna da mutanen da aikinsu shi ne karanta daftarin yarjejeniya tun yana daftari, su je Abuja su ce layi kaza zai shafe mu ta hanya kaza ba.

Kuma abubuwan da ake yankewa yanzu namu ne kai tsaye. A AfCFTA an amince a cire haraji kan kashi 90 na layuka sannu a hankali, kashi 7 a ba su ƙarin lokaci, kashi 3 a keɓe su. Wane kaya ne ya shiga cikin kashi ukun da aka keɓe, wane ne aka bari a fili, nan ake yin cinikin gaske. Sai ƙa'idar asalin kaya, inda tufafi da motoci suka fi daɗewa ana jayayya. Idan aka ce ɗinki kawai ya isa riga ta zama 'yar Afirka, to wata ƙasa na iya sayo yadin Asiya ta ɗinka ta shigo da shi Legas ba haraji, telolinta su samu aiki, manomin auduga na Funtuwa da Gusau bai ga komai ba. Idan kuma aka ce sai an kaɗa zaren an saƙa a nahiyar, auduga da masaƙa za su samu kasuwa, amma tela zai sayi yadi da tsada kafin masaƙun su farfaɗo. Mun ga misali a shirin AGOA na Amurka da aka fara a 2000 don shigar da kayan Afirka can ba haraji: sassaucin da ya yarda a yi amfani da yadin wata ƙasa ya gina masana'antun ɗinki a Lesotho da Kenya, Najeriya kuwa kusan ɗanyen mai kawai ta tura ta wannan ƙofa.

Akwai ma haƙƙin da muke da shi tuntuni ba mu cika sani ba. Tsarin ECOWAS na sassauta ciniki, wanda ya faro a 1979 da amfanin gona da dabbobi da sana'ar hannu, ya ce waɗannan kaya su wuce tsakanin ƙasashen ƙungiyar ba harajin kwastan, ba a ma neman takardar shaidar asali a kansu. Direban da ya ɗauko dabbobi ko albasa ya san abin da ke faruwa a zahiri, ya san yawan shingayen da zai tsaya daga iyaka zuwa Legas da abin da zai ajiye a kowanne, kuma duk a kan farashin kaya ake ɗorawa. Wannan kuɗin ba ya cikin kundin kwastan, amma a kayan da ke lalacewa cikin kwana uku yakan fi harajin ciwo.

Ga kuma sabon lamari. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kayansu bisa tsohon tsari kafin a daidaita yadda zaman zai kasance nan gaba, wato dai a kan lamuni ake tafiya. Nijar ta hana fitar da hatsi a 2024, ta kuma dakatar da fitar da dabbobi gab da Babbar Sallar 2025, masu sayar da raguna a Legas sun ji a jikinsu. Duk abin da wakilai za su ƙulla da waɗannan ƙasashe uku zai tantance kuɗin ragon layya, da albasar Galmi, da waken da ke shigowa ta Illela da Jibiya da Maigatari, da kayan masana'antun Legas da ke tafiya Maraɗi da Damagaram. Shugabannin Alaba Rago da Mile 12 da Agege suna da bayanin da babu ofishin da ke da shi: mota nawa ke shigowa a mako, daga ina, nawa ake kashewa a hanya, wane wata kaya ke yankewa. Ya kamata a rubuta wannan bayani a takarda, da sa hannun ƙungiyoyin, a kai shi NOTN da ma'aikatar ciniki da kwamitocin majalisa tun ana kan tattaunawa, a kuma nemi kujera a duk kwamitin da zai duba daftarin.